Gidan Makama Da Zanen Zamani: In An Yanke Ƙyalle, Sai Me?

A watan Oktoba na shekarar 2025 aka yi bikin buɗe wani gagarumin baje kolin zanen zamani na Nijeriya a gidan Tate Modern da ke Landan, inda aka tara ayyuka fiye da 250 na masu fasaha sama da 50. A cikinsu har da tukwanen Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar Naira 20, da zane-zanen ɗaliban da suka yi karatu a Zariya gab da samun mulkin kai. Wata guda bayan haka, a birnin Benin, masu zanga-zanga suka kutsa cikin taron share fage na sabon gidan fasahar nan da ake kira MOWAA, saboda taƙaddamar da ta shafi matsayin fadar Oba a kan gidan, har ta kai aka ɗage buɗewar. Waɗannan bukukuwa biyu su suka sa na waiwayo gida, ina tambayar kaina: idan aka ce za a yi irin wannan biki a cikin ƙwaryar birnin Kano, a ina za a yi shi, da wane harshe, kuma don wa?

Amsar tambaya ta farko ba ta da wuya. Gidan Makama yana nan daura da Gidan Rumfa, kuma tarihi ya nuna an gina shi a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, wanda ya sarauci Kano daga 1463 zuwa 1499. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun yi amfani da gidan, daga baya wani sashe nasa ya zama makaranta, a yau kuwa yana hannun Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Duk wanda ya ratsa zaurukansa zai ga ƙyamaren tsofaffin ƙofofin ganuwa, da kayan yaƙi, da kayan kiɗa, da hotunan sarakuna. Ginin kansa, da bakan gizonsa da azarorinsa da zankwayensa, ya isa abin kallo.

To amma mai karatu ya lura da sunan da muke kiran irin wannan wuri da shi. Muna cewa "gidan tarihi" ko "gidan adana kayan tarihi". A matsayina na ɗalibin ilimin harshe, na san suna yana yi wa tunani iyaka. Da zarar Bahaushe ya ji "tarihi", abin da ya wuce yake hange, abin da masu shi suka rigaya mu gidan gaskiya. Saboda haka saurayin da ya gama zana kasuwar Kurmi jiya da fenti a kan ƙyalle ba ya ganin yana da gurbi a wurin, mai kula da gidan ma ba lalle ne ya ga dalilin kiransa ba. Haka kuma har yanzu ba mu tsayar da kalma guda ga wannan fage ba. Muna cewa fasaha, alhali da ita muke kiran aikin injiniya da na kwamfuta. Muna cewa zane, alhali zane ya haɗa da na fuska da na taswira. Muna cewa hoto, wanda aro ne daga Ingilishi, kuma yana tayar da wata muhawara ta daban. Abin da ba shi da tsayayyen suna kuwa, da wuya a ware masa kuɗi a kasafi.

Wannan ruɗani na suna shi ya haifi zaton da ake yi cewa zanen zamani baƙo ne a ƙasar Hausa, kayan Turawa ne ko na mutanen Ikko. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. A Zariya, a shekarar 1958, wasu ɗalibai na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiyar da ta sauya alƙiblar zane a Nijeriya baki ɗaya. Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo na cikinsu, kuma manufarsu ita ce a haɗa dabarun da aka koya a aji da gadon da aka taras a gida. Tsaransu Jimo Akolo ya zana mahaya dawaki da 'yan dambe na Arewa. Bayansu aka yi Gani Odutokun, wanda ya rasu a 1995, sannan irin su Jerry Buhari da Mu'azu Mohammed Sani suka ci gaba da koyarwa da zane a can.

Tun kafin waɗannan ma, maginan Kano da Zariya sun riga sun shiga zamani da ƙafar dama. A tsakiyar ƙarni na 20, magini kan zana keke ko agogo ko jirgin sama a fuskar gidan attajiri, kusa da dagi da sauran adon da ya gada. Wannan shi ne ainihin abin da masana ke nufi da fasahar zamani, wato mutum ya dubi sabuwar duniyar da ta same shi, ya faɗe ta da hannunsa. A 1976 David Heathcote, wanda ya koyar a Zariya, ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan, mutanen Ingila suka yi ta kallon aska takwas da aikin dukawa da zayyanar allo. Abin takaici shi ne, sau da yawa sai an yaba kayanmu a waje kafin mu san muna da su.

Na san akwai masu ɗari-ɗari saboda addini, kuma bai kamata a yi musu izgili ba. Malamai sun yi bayani mai tsawo game da surar mai rai, kuma mutumin Kano yana da haƙƙin ya kiyaye abin da ya yi imani da shi. Sai dai babban kaso na zanen zamani ba ya ƙunshe da sura ko kaɗan. Layi ne da launi da tsari. Ibrahim El-Salahi na Sudan, ɗan malamin makarantar allo, daga haruffan Larabci ya gina aikinsa, kuma a 2013 Tate Modern ta ware masa baje koli shi kaɗai. Henri Matisse na Faransa ya je birnin Munik a 1910 domin kallon kayan fasahar Musulunci, abin da ya gani kuma ya yi tasiri a aikinsa. Alaramman da ke zayyana allon sauka a Madabo ya fi kusa da wannan fage fiye da yadda shi ko mu muke tsammani.

Yanzu sai mu zo kan bikin kansa. Na sha halartar tarurrukan buɗe baje koli a garuruwan Arewa, kusan duk kamarsu ɗaya. A kafa rumfuna, a jera kujerun manya, babban baƙo ya makara, a yi jawabai da Ingilishi, a yanke ƙyalle, a zagaya cikin minti goma, a sha lemo, a watse. Mai zanen yana can gefe, wani lokaci ko sunansa ba a ambata ba. Kashegari ɗakin ya koma shiru. Mai shayin da ke bakin ƙofa bai san me aka yi ba, balle matan unguwa. Abin da ya faru a Benin, ko da yake dalilansa daban ne, ya nuna cewa gidan fasahar da bai daidaita da mutanen garinsa ba yana kan siraɗi, komai yawan baƙin da suka zo daga ƙetare.

Shawarata ita ce a ware zaure guda a Gidan Makama domin ayyukan masu rai, a riƙa sauya su lokaci-lokaci, tare da kula da ƙura da danshin damina, tunda ginin ƙasa ne. A rubuta bayanin kowane aiki da Hausa, da boko da ajami, kafin a zo ga Ingilishi, kuma a zauna da masana harshe da masu sana'a a daidaita kalmomin, domin marinin Ƙofar Mata da maɗinkin hula suna da sunayen launi da na ado da ba su shiga ƙamus ba. A rataye aikin ɗan jami'a kusa da na magini da na mai zanen jikin mota, kowa da sunansa a rubuce. A ranar buki a taƙaita jawabin manya, a bai wa mai aikin dama ya yi bayani da bakinsa, yara su yi masa tambaya. A kuma daidaita lokacin da Sallah, domin a duk shekarar da aka yi hawa jama'a kan cika wannan titi maƙil, ga shi kuma UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024.

Sauran aikin yana wuyanmu, mu likitoci da lauyoyi da ma'aikatan banki da malaman jami'a. Mai zane da abinci yake rayuwa, tafi ba ya biya masa kuɗin haya. Muna kashe dubban Naira a kan labule da hotunan bango da aka bugo a masana'antun ƙetare, amma da wuya ka shiga falon ɗan boko a Kano ka taras da aikin ɗan garin. Muddin ba mu saya ba, yaran da suka karanci zane za su ci gaba da komawa buga fastar 'yan siyasa, masu hazaƙar cikinsu kuma su yi ƙaura zuwa Ikko ko Abuja, sai bayan shekaru mu ji labarinsu daga Landan. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Rumfa ya gina sabo a zamaninsa, shi ya sa muke da abin nunawa a yau, ya kamata mu ma mu bar wa na baya abin da za su ce namu ne. Allah Ya sa mu dace.