Ƙasar Kango Ba Ta Tsufa: Darasi Daga Maginan Daura

Duk wanda ya daɗe rabonsa da Daura, in ya shigo yau sai ya riƙe baki. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 2019, ga Jami'ar Sufuri, ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda aka tsara zai ratsa garin. A cikin unguwanni kuwa gidajen ƙasa suna sauka, na bulo suna tashi. Ci gaba ne, ba mai ƙinsa. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba: ina ake kai abin da aka rushe?

Maginan da suka ɗaga sorayen fadar Sarkin Daura da zaurukan cikin gari ba su san wani abu wai shi sharar gini ba. Idan katanga ta faɗi, sai a tattara ƙasarta a jiƙa, a zuba mata ciyawa a tattake, a mulmula sabon tubali, ta koma katanga a inda ta faɗi. Azarar da aka faskara daga giginya, wadda gara ba ta cika cinta ba, takan yi rufin ɗakin kaka, a zare ta a rufa na jika. Hatta abin da wasu masu sana'a suka zubar magini ba ya bari. Katsin da aka kwashe daga marina, da gashin jima daga majema, da dafara, su ake haɗawa a yi laso a shafe soro don kada ruwa ya ratsa. Ɓawon ɗorawa kuwa shi ke ba da makuba ta yaɓe. Watau dai gari yana gina kansa da abin da ke cikinsa.

Wannan dabara ta kakanni ita ce masana tsara birane na duniya suka komo suna nema, kuma dalilinsu siminti ne. Kafin a sami siminti sai an gasa farar ƙasa a wuta mai zafin digiri 1,450. Wutar tana fitar da iskar kabon, dutsen da ake gasawa shi ma yana fitarwa, har ton ɗaya na siminti yakan saki fiye da rabin ton na wannan iska. An ƙiyasta cewa wajen kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke saki yana fitowa ne daga masana'antun siminti, ita ce kuwa babbar mai haddasa ɗumamar yanayi. Daɗin daɗawa, ba a yin siminti a Daura; sai manyan motoci sun ƙona man dizal sun ɗauko shi daga wurare masu nisa kamar Sakkwato da Obajana.

Mutumin Zango ko Baure ko Mai'aduwa, wanda gonarsa ke dab da iyakar Nijar, ba ya bukatar a gaya masa illar zafi da rikicewar damina. Har ila yau, ɗan wannan gari ne, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ya yi wa duniya alkawari a taron Gilasgo na 2021 cewa nan da 2060 Nijeriya za ta daidaita iskar da take fitarwa da wadda take shanyewa. Cika wannan alkawari yana farawa ne daga abin da ake yi a bakin kowane kango.

Misali yana nan kusa, a ƙasar Hausa. A ƙauyen Dandaji na jihar Tawa, a Jamhuriyar Nijar, tsohon masallacin ƙasa ya lalace, jama'a suna son sabo. Maimakon a baje shi, masu zanen gini biyu, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili, suka gyara shi tare da maginan gargajiya ya zama ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci a gefensa da tubalin ƙasa na matsi. An kammala aikin a 2018. A Kano ma Gidan Makama ya zama gidan tarihi, bai zama juji ba.

Ba a ce ginin ƙasa ba shi da aibu ba. Yana son yaɓe a kai a kai, kuma in aka yi sakaci da indararo ko ruwa ya kwanta a gindin bango, damina guda ta isa ta kayar da shi. Amma wannan yana da magani: harsashin dutse ko kankare, rufi mai kare bango, da ɗan siminti kaɗan a cikin ƙasar a matse ta da inji, irin wanda Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya, da aka kafa a 1978, take ƙerawa. Sai dai a yi hattara, ƙasar kango ake nufi, ba ta ganuwa ba. Masu haƙar ƙasa sun riga sun cinye wani sashe na badalar Kano.

Saboda haka aiki ya rage ga ma'aikata. Kafin a ba da izinin rushe gini, ya kamata jami'an tsara gari su duba ko zai gyaru. In ba makawa, a sauke shi a tsanake: a ware azara da ƙyamare da kwano da rodi, a yi cikon hanya da fasasshen bulo, a mayar da ƙasa tubali. Ƙananan hukumomi biyar na masarautar suna iya gwada wannan a ajin makaranta ko ɗakin shan magani, jama'a su gani da ido. Ɗaliban fannin gini kuwa su nemi dattawan magina tun suna raye, su rubuta yadda ake ɗaurin guga da bakan gizo, domin ilmin yana ƙirjinsu ne, ba a takarda ba.

Giginya takan ɗauki shekaru da dama kafin ta isa faskara, ga shi kuwa tana ƙaranci. Duk azarar da aka hura wuta da ita yau, da wuya a mayar da irinta. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya sa mu gane tun ba mu ƙarar da ita ba.