Bagaruwa Kafin Karan Dafi

Duk wanda ya taɓa bi ta majema a Sakkwato da hantsi ya san hanci ke riga ido isa wurin. Ga ramuka da kwatarniya cike da ruwa mai duhu, ga maza sun naɗe wando zuwa gwiwa suna cuɗa fatun awaki. Fatar da za ta zama jaka ko takalmi ko kube a hannun badukun unguwar Madunka sai ta kwana a ruwan toka har gashinta ya saki, a kankare, a wanke, sannan a tsoma ta cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa. A nan take daɗewa. Jan launin nan na karan dafi mai ɗaukar ido a kasuwa kusan shi ne aikin ƙarshe, kuma shi ya fi sauri. Majemi ya san in aka yi garaje aka rina fata alhali bagaruwa ba ta ratsa ta ba, za ta yi kyau a rumfa, amma ran da ruwan sama ya taɓa ta sai ta ƙandare ko ta tashi da wari.

Wannan aikin ke faɗo mini a rai duk safiyar da na tsaya bakin wata firamare na ji yara a layi suna karanto alkawarin ƙasa, wanda ya shigo makarantu tun 1976. Ɗan aji biyu ya ɗaga murya da Turanci yana alkawarin zai riƙe gaskiya da amana. Ka ja shi gefe ka tambaye shi da Hausa me ya faɗa, sai ya sunkuyar da kai. Ba laifinsa ba ne. Rini aka shafa masa, ya kuma karɓa da zuciya ɗaya.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A watan Nuwamba na 2014 Ma'aikatar Ilimi ta Ingila ta umarci makarantu su riƙa cusa wa yara abin da ta kira aƙidun Birtaniya: dimokuraɗiyya, bin doka, 'yancin mutum, da mutunta juna tare da haƙuri da masu wani addini. Umarnin ya biyo bayan ce-ce-ku-ce kan wasu makarantun Birmingham da galibin ɗalibansu Musulmi ne, shi ya sa iyaye da yawa a can suka ji kamar su ake nuna wa yatsa. Aka ɗora wa Ofsted, hukumar duba makarantu, sa ido kan yadda ake aiwatarwa, bangon azuzuwa ya cika da tutoci da fastoci. Amma akwai abu ɗaya cikin umarnin da ya burge ni ƙwarai: an ba da shawarar yara su zaɓi wakilansu na majalisar makaranta da ƙuri'arsu. Yarinya mai shekara bakwai da ta tsaya takara ta faɗi, ta tafa wa wadda ta kayar da ita, ta sha bagaruwar da babu fastar da za ta ba ta.

Sunan da suka laƙaba wa abin kuwa ya tuna mini tarihin fatarmu. Shekaru aru-aru fatake na ɗaukar fatar jar akuyar Sakkwato su ƙetare Sahara da ita, ta faɗa hannun Turawa ta tashoshin Arewacin Afirka, su kira ta fatar Maroko, su yi bangon littattafai masu tsada da ita. Sunan na inda aka saye ta ne, jimar kuwa ta nan ce. Haka adalci da mutunta maƙwabci: kowace al'umma na iya sa musu sunanta, amma kowa da bagaruwar ƙasarsa yake jima.

Mu ma ba jerin sunaye muka rasa ba. Sashe na 23 na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ɗabi'un ƙasa guda bakwai, daga ɗa'a da riƙon gaskiya da martaba sana'a har zuwa haƙuri da bambancin addini da kishin ƙasa. A 2007 hukumar NERDC mai tsara manhaja ta sa darasin zama ɗan ƙasa nagari cikin karatun firamare. Tun kafin nan, a 1974, wani Bature mai suna Kirk-Greene ya wallafa nazarinsa kan wanda Bahaushe ke kira mutumin kirki, ya tattaro kalmomin da kakanninmu ke auna mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima, adalci. Yaron unguwar Mabera ko Kanwuri ba ya buƙatar tafinta kafin ya gane amana. Ya san ta tun ranar da aka aike shi cefane aka ce ya dawo da canji.

Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta fahimci wannan sarai. Da ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru, ba ta aika wa matan karkara da darasi cikin harshen da ba sa ji ba. Ta tsara musu karatu cikin waƙen Hausa da Fulatanci, ta naɗa wa jajoji malfa, mata dattijai waɗanda halinsu ma darasi ne, su je su zauna cikin mutane. Abin da aka koya wa matan shi suke gani ana yi: duba marar lafiya, kula da maraya, sasanta maƙwabta.

To, a ajinmu na yau, wane ruwa yaro ke kwana a ciki? Na taɓa ganin an tsare 'yan makara a ƙofar wata makaranta ana zane su, can sai ga malamin ajinsu ya shigo kan babur bayan an gama, ba wanda ya ce uffan. Yaran nan sun koyi wani abu game da doka a wannan safiyar, kuma ya fi abin da ke cikin littafi kama jiki. Suna lura da wanda ake naɗawa monita da dalilin naɗa shi. Suna lura ko bulala na sauka daidai kan ɗan mai hali da ɗan mai tura ruwa. Suna jin abin da malama ke cewa ran da aka tsokani 'yar Yarbawa ko ɗan Ibo ko Bazabarme saboda karin harshensa, suna kuma jin shirunta in ta yi shiru. Ni a ganina malamar da ta tsayar da darasin lissafi minti biyar ta sa aka ba wanda aka tsokana haƙuri a gaban aji ta koyar da sashe na 23 gaba ɗayansa.

Ba na ɗora wa malamai kaya su kaɗai. Kwatarniya ɗaya in aka cusa mata fatu fiye da kima, ruwan bagaruwar tsinkewa yake, ko da majemin gwani ne. Malamin da yara suka cika masa aji har bakin taga, albashi bai kai shi tsakiyar wata ba, da wuya ya san sunan kowa, balle halinsa. Kuma yaro awa biyar ko shida yake yi a hannunsa, sauran yinin yana gida da Islamiyya da bakin titi, inda yake jin yadda babansa ke ambaton maƙwabcin da ba addininsu ɗaya ba.

Majemi na da hanyar gane ko aiki ya yi. Yakan ɗan yanki gefen fatar inda ta fi kauri ya duba cikinta: in launin bagaruwa ya ratsa daga fuska zuwa baya, sai ya tsame ta, in kuwa ya ga fari-fari a tsakiya, ya mayar da ita ruwa. Da ni ne mai duba makarantu, ba zan tsaya karanta bango ba. Zan jira a kaɗa ƙararrawar tara in koma gindin dogon yaro kusa da mai awara, in ga ko manya na barin 'yan aji ɗaya su sayi nasu a kan layi, in ga kuma wa zai matsa wa yarinyar da ta zo ba kuɗin tara ta zauna kusa da shi.