In kaya ya cuce ka, kada ka yar da kwalbar

Yau maganarmu a kan kayan da mutum ya saya da kuɗinsa, suka jawo masa ciwo.

Ga abin da ya faru a Najeriya a shekarar 2008. Wani kamfani na Legas, mai suna Barewa, yana yin maganin haƙoran jinjirai. Sunan maganin My Pikin. Wani ruwa mai guba, irin wanda ake sawa cikin man birki, ya shiga cikinsa. Yaran da suka sha suka daina fitsari, ƙodarsu ta lalace. An kwantar da wasu a babbar asibitin Zariya. Yara 84 suka rasu.

Yaya aka gano tushen abin? Likitoci sun tambayi iyaye abin da yaran suka sha. Aka auna maganin, aka ga gubar. A jikin kwalabe akwai lamba, ita ce 02008. Lambar nan ta nuna rukunin maganin da ya ɓaci. A 2013, kotu a Legas ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu, kowane shekara 7.

To, ɗan'uwa, in irin wannan ya same ka, ko magani ne, ko abincin gwangwani, ko maganin ƙwarin gona, ga abin da za ka yi.

Na ɗaya, kai mara lafiya likita nan take. Rai shi ne gaba da kome.

Na biyu, ajiye kwalbar da kwalinta da ragowar abin. Kada ka wanke ta. Ka ɓoye ta nesa da yara.

Na uku, roƙi likita ya ba ka takardar shaida. Ajiye takardun kuɗin magani duka.

Na huɗu, yanzu ka iya rubutu. Rubuta ranar da ka saya, da wurin, da sunan wanda ya gani.

Sannan ka nemi lauya. Lauya shi ne wanda ya karanci doka, yake yi maka magana gaban alƙali. Amma ba ya aiki da hannu banza. Kwalbar nan da takardun nan su ne makamansa. Ka sani kuma, ɗaure mai laifi dabam, diyyarka dabam. Sai ka nemi diyya kotu take duba ta.

Yawancin lauyoyin ƙasarmu suna Yamai. In ba ka da hali, kada ka fid da rai. Tun 2011 aka kafa wata hukuma, ANAJJ, don taimakon talaka a wajen shari'a. Je babbar kotun Zinder ka tambayi ofishinta.

In ka sami lauya, ku yi maganar ladansa tun farko, a rubuce. Kada ka sa hannu ko yatsa a takardar da ba ka gane ba. Ba shi hoton takardunka, ka riƙe na asali. Ka yi haƙuri, shari'a tana daɗewa. Ta Legas ta kai shekara ta biyar.

Ƙarar da ka kai tana iya tsirar da ɗan maƙwabcinka. Allah ya ba mu lafiya.