Phantasy Star II: Labari Mai Nauyi, Hanya Mai Wuya

A cikin watan Maris na shekara ta 1989 kamfanin Sega na ƙasar Japon ya fito da wani wasa mai suna Phantasy Star II, wanda ake bugawa da na'urar Mega Drive da ake haɗawa da talabijin. A shekara ta 1990 wasan ya isa Amurka da Turai. Yau fiye da shekara 30 ke nan, amma masana wannan fanni ba su daina gardama a kansa ba. Wasu suna cewa ya wuce zamaninsa, wasu kuwa suna cewa wahalarsa ta fi daɗinsa. Kowane ɓangare yana da hujja.

Wane irin wasa ne?

Wasa ne irin wanda mai bugawa yake shiga rigar jarumin labari. Shi ne zai yi tafiya gari gari, ya yi magana da mutane, ya sayi makamai da magani, ya yaƙi dodanni. Duk yaƙin da ya ci, ƙarfinsa da kuɗinsa su ƙaru. A wancan lokaci yawancin irin waɗannan wasanni labarin sarakuna ne da takuba da matsafa. Sega kuwa sai ta kai nata labari sararin samaniya, inda duniyoyi uku suke kewaya wani tauraro mai suna Algol: Palma, da Motavia, da Dezoris ta ƙanƙara. Cikin waɗanda suka yi aikin har da Yuji Naka, wanda daga baya ya yi suna da wasan Sonic.

Hamadar da ta zama dausayi

Ƙarfin wasan yana cikin labarinsa. A wasa na farko, na shekara ta 1987, Motavia hamada ce, rairayi ko'ina. A na biyu shekara 1000 ta shuɗe, ƙasar ta yi kore shar. Wata babbar kwamfuta mai suna Mother Brain, wato Uwar Ƙwaƙwalwa, ita ce take saukar da ruwa, take lura da gonaki da dabbobi, take ciyar da jama'a. Ba fari, ba yunwa. Sai dai mutane sun saki jiki. A cikin garuruwa mai wasa yakan gamu da waɗanda ba su ga dalilin yin aiki ba, tun da na'ura ta ɗauke musu kome. Babu kuma wanda ya san wanda ya ƙera ta.

Sai al'amura suka fara lalacewa. Dodanni suka cika daji, tafiya ta zama hatsari. Hukuma ta aiki wani ma'aikacinta mai suna Rolf daga Paseo, babban birni, domin ya binciko dalili. Tare da shi akwai Nei, yarinyar da aka samar a ɗakin gwaje-gwaje, rabi mutum rabi dabba, wadda ya riƙe kamar ƙanwarsa.

Abubuwa uku ne suka sa ba a manta da wannan labari ba. Na farko, a tsakiyar tafiya Nei ta mutu a cibiyar sarrafa yanayi. Duk wanda ya faɗi a yaƙi cikin wasan ana iya maido shi a wani ɗaki na musamman idan an biya kuɗi, amma ban da ita a wannan karo. Mai wasa ya yi sa'o'i yana saya mata makamai yana ƙara mata ƙarfi, sai ga wurinta wayam. Wannan ya faru shekara 8 kafin mutuwar Aerith a wasan Final Fantasy VII na 1997, wadda ta fi shahara.

Na biyu, da ruwa ya yi barazanar cinye ƙasa, Rolf ya buɗe madatsun ruwa huɗu domin ya ceci jama'a. Ladan da ya samu shi ne aka kira shi mai laifi, aka kama shi, aka tsare shi a wani tauraron ɗan'adam mai suna Gaira. Gaira ya faɗa kan Palma, duniyar ta tarwatse gaba ɗaya.

Na uku shi ne ƙarshen labari. Bayan an rusa Uwar Ƙwaƙwalwa, sai ta bayyana cewa waɗanda suka ƙera ta mutanen wannan duniya tamu ne, waɗanda suka lalata tasu ƙasa, suka zo neman ta wasu. Rolf da abokansa suka fuskance su, su kaɗan, abokan gaba da yawa. A nan wasan ya tsaya, bai faɗi wanda ya yi nasara ba.

Inda gizo yake saƙa

Kafin mai wasa ya ga duk wannan, sai ya sha wuya. Babban aibin wasan shi ne gine-ginen da ake ratsawa. Kowane ɗaya hawa hawa ne, hanyoyi sun sarƙe, ɗakuna duk kama ɗaya, wasu hanyoyin kuma ba su kai ko'ina. A wasu wurare an zana bututu a saman hoton domin ƙawa, sai suka riƙa tare wa mutum gani. Babu taswira a cikin wasan. Shi ya sa da aka kai shi Amurka aka haɗa shi da littafin jagora mai shafi 110. Wanda bai da littafin, sai ya ɗauki takarda da alƙalami ya zana da kansa.

Ga kuma yawan yaƙi. Taku kaɗan sai dodanni su faɗo ba zato, kuma duk yaƙin a fili iri ɗaya ake yin sa, mai layuka shuɗɗa, alhali wasa na farko yana nuna daji ko hamada ko bakin teku. Makamai suna da tsada, don haka dole mutum ya yi ta kai da kawowa a bayan gari yana kashe dodanni iri ɗaya har kuɗi su taru.

Abokan tafiya ma ba a ba su haƙƙinsu ba. Jarumai 8 ne, ana fita da 4 a lokaci ɗaya. Akwai Rudo maharbi, da Amy likita, da Shir ɓarauniya. Kowanensu yakan zo gidan Rolf ya gabatar da kansa da ƴan kalmomi, daga nan da wuya a sake jin bakinsa. Sabon zuwa kuma daga matakin farko yake farawa, sai an yi ta renonsa. Dabarun yaƙi suna da sunaye irin su Foi da Res da Zan, wasan kuwa bai bayyana amfaninsu ba, sai mutum ya gwada.

Me ya rage?

Wani ɓangare na wannan aibi laifin zamani ne. Kaset ɗin yana ɗaukar megabit 6 kacal, wato bai kai nauyin hoto guda na wayar hannu ta yau ba, ko da yake a lokacin babba ne ƙwarai. Wurin rubutu kaɗan ne, sai aka tsawaita wasan da ruɗaɗɗun hanyoyi da yaƙe-yaƙe. Sega ta gyara da yawa a Phantasy Star IV na shekara ta 1993, inda tafiya ta fi sauri, jarumai kuma suna hira da juna. A cikinsa Motavia ta koma hamada, domin na'urar da take riƙe da ita ta tafi.

Wanda yake son wasa mai sauƙi, gara ya fara da na huɗu. Wanda kuwa yake da haƙurin dafa dutse, kuma ya tanadi taswira a gefensa, zai tarar a na biyu da tambayar da ba ta tsufa ba: jama'ar da ta miƙa ruwanta da abincinta ga abin da ba ta san yadda yake aiki ba, kuma ba ta san mai shi ba, ina za ta nufa ranar da ya tsaya?