An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Abin da Dabba Ta Ci da Naman da Muke Ci

A wani suna da aka yi a gidanmu bara, an miƙa wa goggona farantin soyayyar kaza, ta ture shi da bayan hannu. "Ɗan nan, ɗauke mini wannan. Ni ba na cin kazar allura." Ta jawo kwanon hantar ragon suna ta hau ci da yaji. Ban ce komai ba, amma ni na riƙe ƙahon ragon nan kwana huɗu kafin yanka, lokacin da wani mai sayar da maganin dabbobi ya danna masa allura a cinya saboda tari. Kazar da ta ƙi babu alamar an taɓa soka mata irin allurar da take nufi. Ragon da ta amince da shi kuwa ya sha, kuma hanta na cikin wuraren da magani ya fi taruwa.

Maganar da ta fi kowace yawo ita ce wai kajin gidan gona ana yi musu allurar sinadarin girma, shi ya sa suke isa yanka cikin mako shida, wai kuma cinsu na sa 'yan mata balaga da wuri. Ruwa ba ya tsami banza. A shekarun 1940 da 1950 masu kiwo a Amurka sun riƙa cusa wa zakaru ƙwayar wani sinadari mai suna DES a ƙarƙashin fatar wuya don su yi ƙiba. An haramta wannan a kaji a 1959, amma labarin ya rayu ya bar aikin. Yau babu wanda zai ci riba da shi. Sinadarin da jiki ke sakewa don girma ba ya aiki idan aka zuba shi a abinci, ciki ne zai narkar da shi kamar kowane nama. Sai dai allura, kuma a kai a kai. Mai kaji dubu goma ya bi su ɗaya bayan ɗaya da sirinji kowace rana? Kuɗin ma'aikata kaɗai ya isa ya rufe gonar.

Inda girman ya fito, masu bincike a Jami'ar Alberta da ke Kanada sun nuna shi ƙarara a 2014. Suna da irin kajin nama na 1957 da na 1978 da aka adana ba tare da an canza su ba. Suka haɗa su da irin 2005, suka ba su abinci iri ɗaya a yanayi ɗaya, babu wani sinadari. Bayan kwana 56, kazar 1957 ta kai giram 905, ta 1978 ta kai giram 1,808, ta 2005 kuwa giram 4,202. Abinci ɗaya, nauyi ya ninka fiye da sau huɗu. Zaɓen iri ne ya yi wannan aiki, irin zaɓen da Bafulatani ke yi idan ya ware bijimin da zai bar wa garke, sai dai su kamfanoni sun yi shi da ma'auni da lissafi, shekara da shekaru, a kan tsuntsun da ke hayayyafa da sauri.

Wannan ba ya wanke kazar gidan gona daga kowane zargi. Saurin girman yana da farashinsa: ƙafa na gaza ɗaukar jiki, zuciya na wahala, wani lokaci ka ga farin zane-zane a tsokar ƙirji ko ka ji ta yi tauri kamar katako. Wanda ya ce kazar Hausa ta fi daɗin romo bai yi ƙarya ba. Ta yi watanni tana tono, jijiyoyinta sun nuna, ƙashinta ya yi ƙarfi. Waccan kuwa jaririya ce mai jikin babba, shi ya sa take narkewa a tukunya kafin albasa ta dahu.

Abin da ya cancanci tsoron goggona shi ne maganin kashe ƙwayoyin cuta. Tun wajejen 1950 aka gano a Amurka cewa ɗan kaɗan daga cikinsa a abinci na sa dabba saurin girma, kuma duniya ta rungumi dabarar. Tarayyar Turai ta hana amfani da shi don ƙiba tun daga farkon 2006, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira a 2017 da a daina ba dabbobi masu lafiya wannan magani haka kawai. Illar iri biyu ce. Ragowar magani na zama a hanta da ƙoda da wurin da aka soka allura, dafuwa kuma ba ta kawar da shi duka. Babbar illar ita ce ƙwayoyin cuta na sabawa da maganin, har ranar da mutum zai kwanta a asibiti a ba shi irinsa ya ƙi aiki. Kowace kwalba ta gaskiya tana ɗauke da adadin kwanakin da za a jira kafin yanka ko shan nono. Ga alluran da ke daɗewa a jiki, yakan kai mako uku zuwa huɗu. A kara kuwa, sau nawa ka ji mai saye ya tambayi dillali yaushe aka yi wa dabba allura ta ƙarshe? Haƙora ake dubawa, a shafa gadon baya, a ɗaga bindi.

Akwai kuma magungunan ƙiba na haram da suka taɓa cutar da mutane da gaske. A Sifen, a 1990, mutum 135 sun kwanta da rawar jiki da bugun zuciya bayan cin hantar shanun da aka ba kilenbutarol. A gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Meziko a 2011, an sami burbushinsa a fitsarin 'yan wasa 109, aka gano daga naman da suka ci ne, ba a hukunta kowa ba.

Sai batun kitse. Mahauta sun san mai saye na gudun naman da kitsensa ya yi rawaya, wai saniyar ba ta da lafiya. Mafi yawan lokaci ciyawa ce kawai. Ɗanyen haki na ɗauke da sinadarin launi irin wanda ke cikin karas da manja, yana taruwa a kitsen saniya, musamman tsohuwa wadda ta ci damina da yawa. Dabbar da aka turke a kan dusa da hatsi takan yi farin kitse. Rawayar da ke nuna ciwon shawara daban take, domin ba ta tsayawa a kitse, za ka gan ta a jijiyoyi da farin ido da fatar cikin jiki. Haka gwaiduwar ƙwai: jar masara da ganye ke sa ta yi ja, farar masara ko dawa su sa ta koɗe, amma abin gina jikin da ke ciki kusan ɗaya ne. Launin ɓawo kuwa irin kazar ne ke kawo shi.

'Yan boko na da tasu jita-jitar, wadda suka kwaso daga intanet: wai naman dabbar da ta ci ciyawa zalla magani ne, saboda kitsen omega-3. Gaskiya ne ya fi na dabbar hatsi yawan wannan kitse, amma duka biyun kaɗan ne idan aka ajiye su kusa da kifi irin sadin. Dalilin yana cikin tumbi. Saniya da tunkiya da akuya ba su ke fara cin abin da suka haɗiye ba, ƙananan halittun da ke zaune a tumbinsu ne ke fara sarrafa shi, kuma suna mai da yawancin mai mai ruwa-ruwa ya koma kitse mai daskarewa. Kaza ba ta da wannan matata. Abin da ta ci yana bayyana a jikinta kai tsaye, shi ya sa idan garin kifi ya yi yawa a abincinta za ka ji ƙarninsa a nama da ƙwai.

Tumbin nan shi ne amsar masu cewa naman dabbar da aka ba takin yuriya guba ne. Halittun tumbi na iya mai da yuriya abin gina jiki, kuma jiƙa karan hatsi ko bambaron shinkafa da ruwanta a rufe na wasu makonni tsohuwar dabara ce da masanan kiwo, irin na cibiyar NAPRI da ke Shika kusa da Zariya, suka sani sarai. Haɗarin na kan dabbar ne: idan ta ci da yawa a lokaci ɗaya za ta faɗi cikin sa'a guda. Wadda ta ci daidai, namanta lafiya lau.

Abin da mutane ke rainawa shi ne funfuna. Masarar da ta jiƙa, ko tunkuzar da ta yi kore-kore, sai a ce a zuba wa dabbobi kada a yi asara. A Ingila, a 1960, talo-talo kusan 100,000 suka mutu bayan cin tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Barazil, kuma a binciken wannan annoba aka gano afalatoksin, gubar da funfuna ke haifarwa. Tsoka ba ta riƙe ta da yawa, amma tana lalata hantar dabba, tana hana ta girma, tana kuma bi ta nono ta isa ƙwaryar fura. Ingila ɗin dai ta sake koyon darasi da ciwon haukar shanu, wanda aka gano a 1986, bayan an daɗe ana ciyar da shanu garin nama da ƙashin 'yan uwansu.

Masu kiwon turka na layya suna da nasu kuskuren, na ganin yawan dusa shi ne yawan nama. Ragon da aka ɗauke daga harawa aka cika masa kwano da hatsi rana ɗaya, tumbinsa zai yi tsami, ya daina tuƙa, ya yi zawo, wani ma ya mutu. Dusa zalla na tsawon watanni kuma na haifar da tsakuwa a mafitsara, saboda tana da fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan. Za ka ga rago yana nishi yana miƙa, fitsari na ɗiga ɗis-ɗis. Harawar gyaɗa da ta wake su ke daidaita wannan, tare da ruwa wadatacce. Wanda ya ɗura wa rago kanwa da ruwa da safiyar kasuwa ciki ya kumbura, bai ƙara masa ko tsoka ɗaya ba, kuma hannun da ya saba shafa kwiɓi da gadon baya ba ya ruɗuwa.

Akwai wani abu da ke ɓata nama wanda ba a cika danganta shi da abinci ba, alhali yunwa ce tushensa. Tsoka na ajiye wani irin sukari. Bayan yanka, sukarin nan ke juyewa ya zama ɗan tsami, ma'aunin tsamin naman ya sauko daga wajen 7 zuwa kusan 5.5, nama ya yi ja mai haske, ya kuma jure ajiya. San da aka loda a tirela daga Maigatari ko Potiskum ko Illela, ya yi kwana biyu ko uku a tsaye zuwa Legas, babu ci babu sha, ga rana ga sanda, yakan ƙone wannan ajiya kafin ya sauka. Idan aka yanka shi nan take, ma'aunin ba ya sauka ƙasa da 6. Naman sai ya fito baƙi-baƙi, busasshe a ido, yana danƙo a yatsa, ya kuma riga sauran lalacewa a kan tebur. Mai saye ya gani ya ce tsohuwar saniya ce, ko kuwa mushe aka yanka. Sau da yawa lafiyayyen sa ne wanda aka yi wata uku ana turkarsa da harawa da angurya. Abin da ya rasa shi ne inuwa da ruwa da ɗan abinci na kwana ɗaya zuwa biyu bayan saukarsa daga mota, a kuma kai shi mayanka ba da duka ba.