Cinikin Biri A Sama: Me Ke Cikin Buhun Busasshen Abincin Karnuka?

Duk wanda ya shiga manyan kantunan Legas, ko na Abuja da Kano, zai tarar da buhunan busasshen abincin karnuka a jere, kowanne an rubuta masa da manyan baƙaƙe cewa yana ɗauke da furotin mai yawa, wato sinadarin nan mai gina jiki. Wani buhun zai ce kashi 30 cikin ɗari, wani ma ya haura haka. Masu saye kuwa su ne magidanta da ke ajiye karnuka domin gadi, da kamfanonin tsaro, da masu kiwon karnuka don sayarwa, kuma kuɗin da suke zubawa ba kaɗan ba ne. Abin tambaya a nan shi ne, ko wannan lamba da ke jikin buhu ta isa shaida a kan kyawun abin da ke ciki? Amsa ita ce ba ta isa ba, ga kuma dalilai.

Wannan sana'a dai ta samo asali ne a Ingila wajen shekarar 1860, lokacin da wani Ba'amurke mai suna James Spratt ya fara gasa wa karnuka biskit da alkama da kayan lambu da nama. Irin wanda ake gani yau kuwa, mai ƙananan dunƙule, kamfanin Purina na Amurka ne ya bazu da shi kasuwa a 1957. Yadda ake yinsa shi ne, a niƙa kayan haɗi a kwaɓa, a tura kwaɓin cikin wani inji mai zafi da matsi, ya fito ta ƙananan ƙofofi a yayyanka, a busar, sa'an nan a fesa masa kitse don ƙamshi. Kwaɓin ba ya dunƙulewa sai da sitaci, saboda haka galibin busasshen abinci, kome kirarin da aka yi masa, akwai abu mai sitaci irin su masara ko shinkafa ko dankali ko dangin wake a cikinsa. Wannan ba aibu ba ne, domin wani bincike da masanan Jami'ar Uppsala ta Suwidin suka wallafa a 2013 ya nuna cewa kare ya fi kakansa kyarkeci iya narkar da sitaci nesa ba kusa ba.

To, nawa ne kare yake bukata? Ƙungiyar jami'an kula da abincin dabbobi ta Amurka, wadda ake kira AAFCO, ta ƙayyade cewa mafi ƙarancin furotin ga babban kare shi ne kashi 18 cikin ɗari, ga ɗan kwikwiyo da karya mai ciki ko mai shayarwa kuwa kashi 22.5, bayan an cire nauyin ruwa. Cire ruwan nan yana da muhimmanci. Alal misali, buhun da ya ce furotin kashi 27 da danshi kashi 10, ainihin furotinsa kashi 30 ne. Abincin gwangwani da ya ce kashi 8 kawai, amma ruwansa kashi 78 ne, furotinsa ya kai kashi 36, wato ya fi na buhun.

Babbar matsalar tana ga yadda ake awon. Masu gwaji ba furotin kansa suke aunawa ba. Tun daga 1883, sa'ad da wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Johan Kjeldahl ya fito da hanyarsa, abin da ake aunawa shi ne sinadarin naitirojin, sai a ninka shi sau 6.25, domin kimanin kashi 16 cikin ɗari na furotin naitirojin ne. Ma'aunin ba ya bambanta tsokar nama da gashin kaza ko ƙofato, alhali kuwa cikin kare ya san bambancinsu. Jikin kare yana bukatar wasu sinadarai 10 da ake kira amino asid waɗanda ba ya iya ƙera wa kansa, kuma ƙwai da nama da kifi sun fi hatsi cika su, sun kuma fi saurin narkewa.

Wannan gurbi ne 'yan algus suka bi a 2007. Wasu 'yan kasuwa a ƙasar Sin sun zuba melamin, wani sinadari da ake yin robobi da shi, wanda kashi biyu cikin uku na nauyinsa naitirojin ne, a cikin garin da suka sayar wa masana'antun abincin dabbobi da sunan furotin na alkama. Awo ya nuna furotin ya cika, amma karnuka da kyanwoyi suka riƙa mutuwa da ciwon ƙoda. A watan Maris na wannan shekara kamfanin Menu Foods na Kanada ya fara janye kayansa daga kasuwa, wasu kamfanoni da yawa suka biyo baya. Shekara guda bayan haka aka yi irin wannan algus ga madarar jarirai a ƙasar ta Sin, inda yara wajen 300,000 suka kamu da rashin lafiya, shida suka rasu.

Saboda haka mai saye ya juya buhu ya karanta jerin kayan haɗi, wanda ake rubutawa daga mafi nauyi zuwa mafi ƙanƙanta. Amma a nan ma akwai dabara. Ɗanyen nama kimanin kashi 70 cikin ɗari ruwa ne, kuma da ruwansa ake auna shi, don haka kazar da ta zo farko a jeri tana iya komawa baya ƙwarai bayan an busar. Garin naman kaza da aka riga aka busar ya fi ta furotin awo da awo. Haka kuma wasu kamfanoni sukan rarraba abu guda gida uku, a rubuta wake daban, garin wake daban, furotin na wake daban, don kada ya bayyana a gaban nama. Ya kamata kuma a fi amincewa da buhun da ya ambaci sunan dabba, kaza ko rago ko kifi, a kan wanda ya ce garin nama kurum.

Batun wake ma ya taɓa tayar da ƙura. A watan Yuli na 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fara binciken wani ciwon zuciya da aka riƙa gani ga karnuka masu cin abincin da ba hatsi a ciki, wanda aka cika da dangin wake da dankali. A ƙarshen 2022 hukumar ta ce rahotannin da ta tattara ba su isa su tabbatar da cewa abincin ne sanadi ba. Duk da haka likitocin dabbobi da dama suna ganin babu dalilin guje wa hatsi, sai ga karen da aka tabbatar ba ya jituwa da shi.

Yawan furotin ba ya cutar da ƙodar lafiyayyen kare, sai dai abin da ya wuce bukata jiki ƙona shi yake yi ko ya mai da shi kitse. Karen farauta ko na sintiri zai amfana da shi, amma wanda ke kwance a bakin ƙofa yini guda ƙiba kawai zai yi, ubangidansa kuma ya yi asarar kuɗi. Wanda ke da ciwon ƙoda kuwa, sai abin da likita ya tsara masa.

Akwai kuma haɗarin da ya fi kusa da mu, wato funfuna. Masarar da ta sha danshi tana haifar da gubar afalatoksin mai lalata hanta. Daga Disambar 2020 zuwa Janairun 2021 an janye abincin Sportmix a Amurka saboda wannan guba, inda aka samu rahoton mutuwar dabbobi fiye da 110. A ƙasa mai zafi da damina irin tamu, wajibi ne a duba ranar ƙarewar aiki da lambar rajistar NAFDAC, a guji buhun da ya huje ko wanda ake aunawa a mudu, a ajiye shi a rufe a busasshen wuri.

Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Kare ba ya karatu, amma jikinsa yana ba da shaida. Idan bayan makonni kaɗan gashinsa yana sheƙi, kashinsa ya yi tauri bai yi yawa ba, ana kuma jin haƙarƙarinsa da hannu ba tare da sun fito fili ba, to abincin ya karɓe shi. In ba haka ba, sai a nufi asibitin dabbobi da buhun a hannu.