Noman rani: sanyin hunturu jari ne ga mai garka

Daga tsakiyar watan Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu, iskar hunturu na busowa daga arewa maso gabas, tana ɗauke da ƙura da ɗari. Jama'a na kuka da tari da kaushi, amma ga mai garka waɗannan watanni su ne jarinsa na shekara. Tun bayan farin shekarar 1984, lokacin da gwamnatin marigayi Janar Saini Kunce ta yi kira ga talakawa da su rungumi noman rani, garake suka yawaita a Gulbin Maraɗi, da Koramar Damagaram, da kwaruruwan Adar, da bakin kogin Kwara. A yau magidanta da mata da dama na da ƴan komaye na tomati a bayan gida, tare da iccen mangwaro ko lemu a tsakar gida. Ya kamata kowa ya san abin da sanyi ke yi wa waɗannan shuke-shuke, domin lokacinsa gajere ne, kuma wanda ya makara ya yi wahalar banza.

Abin da tomati ke so

Tomati ba ya son zafi mai tsanani, ba ya kuma son ɗari mai tsanani. Ya fi jin daɗi idan zafin rana yana tsakanin digiri 21 da 28, na dare kuma tsakanin 15 da 20. A cikin furensa akwai wata ƙura mai kama da gari, wadda ita ce ke sa fure ya zama ɗa. Idan zafin rana ya zarce digiri 35, ko kuma dare bai huce ba, wannan ƙura sai ta lalace, furen ya bushe ya faɗi. Shi ya sa a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Yamai da Tawa da Damagaram, za ka ga tomati ya yi ganye shar amma babu ƴaƴa. Jan launin tomati ma sanyi ke taimakonsa: idan zafi ya haura digiri 30, sinadarin da ke sa shi ja ba ya haɗuwa sosai, sai ɗan ya nuna da ɗorawa-ɗorawa a kafaɗa.

To amma kowane alheri da iyakarsa. A watan Janairu, sanyin dare a Maraɗi kan sauko wajen digiri 13, wani daren ma ƙasa da haka. A irin waɗannan darare fure ba ya kamawa da kyau, ƴaƴan da suka samu kuma wasu kan fito a murguɗe, ko ƙanana marasa iri a ciki. Iri da aka shuka cikin ƙasa mai ɗumi kan tsiro a kwana 5 zuwa 7, amma cikin tsananin ɗari yakan kai mako 2 kafin ya leƙo. A garaken duwatsun Abzin, inda sanyin dare kan kusanci sifili, ɗari na iya ƙone ganye a dare guda.

Da sanyin safiya ake kama fara

Tun da haka ne, dabarar mai garka ita ce ya lissafa kwanaki yadda furen tomatinsa zai faɗo cikin sanyi. Iri na yin kwana 25 zuwa 30 a wurin raino kafin dashe. Bayan dashe da kamar mako 4 fure ke fitowa, ɗiba kuma na farawa bayan wata 2 zuwa 2 da rabi. Ke nan wanda ya zuba iri a farkon Oktoba zai dasa a Nuwamba, ya ga fure a Disamba, ya fara ɗiba a Janairu. Wanda ya zuba a Nuwamba zai ɗiba a Fabrairu da Maris. Wanda kuwa ya bari sai Janairu, furensa zai gamu da zafin Maris, ya yi hasarar iri da taki da ruwa da ƙarfinsa.

Rainon watan Oktoba yana da nasa haɗari. Zafi bai gama sauka ba, kuma farin ƙuda, wanda ke ɗauke da cutar nan mai naɗe ganyen tomati ta tsugunar da shi, yana da yawa bayan damana. Maganin abin shi ne a rufe wurin raino da tsohon gidan sauro, a yi masa ƴar rumfa, a kuma tuge duk shukar da ta kamu tun da wuri.

Kulawa cikin hunturu

Sau da yawa iska ta fi ɗarin kansa ɓarna. Tana busar da fure, tana shanye laimar ƙasa, tana lulluɓe ganye da ƙura. Don haka a kafa darni na kara ko zana a gefen gabas da arewa na garka. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindin shuka domin ƙasa ta riƙe laima da ɗumi. A yi ban ruwa da safe bayan rana ta ɗaga, a gindi, ba a kan ganye ba. Cikin sanyi shuka ba ta shan ruwa kamar a bazara, saboda haka kada a cika, sai dai a riƙe ƙa'ida: ƙishi yau, ambaliya gobe, shi ke sa ƴaƴa su tsage ko gindinsu ya yi baƙi.

Sanyi ba ya kashe dukan ƙwari. Tsutsar nan mai haƙa cikin ganye da ƴaƴa, wadda masana ke kira Tuta absoluta, ta ɓulla a ƙasarmu a shekarar 2013, ta kuma yi mummunar ɓarna a arewacin Nijeriya a 2016. Akwai kuma wata cuta mai son busasshen sanyi, wadda ke sa ɗigon ɗorawa a saman ganye da farin gari kamar toka a ƙarƙashinsa. A riƙa duba shuka aƙalla sau 2 a mako, a cire ganyen da ya kamu a ƙone shi, sannan a nemi shawarar malamin gona kafin a sayi kowane irin magani.

Itatuwan marmari

Ga mangwaro, sanyi shi ne mai tada shi. Bushewar ƙasa bayan damana da sanyin dare su ke sa icce ya daina fidda sabon ganye ya yi huda tsakanin Disamba da Fabrairu, ƴaƴan su nuna daga Afrilu. Saboda haka babban icce da ya riga ya fara haihuwa, a janye masa ruwa kamar wata 2 kafin huda, a koma ba shi bayan ƴaƴa sun kama. Mai yi masa ambaliyar ruwa da taki a Nuwamba, ganye zai girba. Wannan doka ba ta shafi ƙananan dashe ba, su dole a ci gaba da shayar da su.

Lemu ma na amfana. Sanyin dare ne ke kawar da tsanwan ɓawonsa, shi ya sa lemun Timiya, can cikin Abzin, ke yin launi mai kyau, alhali na kudu kan nuna ya yi zaƙi ɓawonsa na nan kore. Kada mai icce ya jira launi, ya ɗanɗana tukuna. Ayaba da gwanda kuwa ƴan zafi ne: girmansu na tsayawa idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 15, iska kuma na yayyaga ganyen ayaba. A dasa su a jikin katanga inda iska ba ta kai ba, a kuma bar sabon dashensu sai ɗari ya wuce.

Bayan ɗiba

Da yake sanyin kowa ɗaya ne, tomatin kowa kan nuna lokaci guda, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, kwanduna su ruɓe. Bayan ƴan watanni kuma uwargida ta nemi na miya da tsada. Mai hangen nesa yakan raba shukarsa kashi 2 ko 3, da ratar mako 3 tsakani, kuma yakan yanka rarar ya shanya ta a kan tabarma mai tsabta, nesa da ƙasa, ta zama kauɗa, kamar yadda manoman jahar Tawa suka daɗe suna yi. Don lokacin zafi da damana akwai iri masu jurewa, irin su Icrixina da Mongal, waɗanda malaman gona da ma'aikatan cibiyar bincike ta INRAN za su iya ba da bayani a kansu.

Muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin manoma da ma'aikatan gona da su tabbatar iri da taki sun isa ƙauyuka tun watan Satumba, kafin a gama girbin hatsi. Ku kuma ƴan uwa da kuka yi yaƙi da jahilci, ku rubuta ranar zuba iri, da ta dashe, da ta fure, da ta ɗibar farko, ku karanta wa maƙwabta. Wannan ɗan lissafi shi zai nuna muku ranar da ta dace da garkarku a baɗi.